Kyamarar da Ta Ƙifta Sau 171,602: Yadda Wani Ciniki Ya Kaya a Kasuwar Gujungu

Ɗan yayata mai hoto ne. A wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura yake zaune, kuma shekara uku ya yi yana ɗaukar hotunan biki da suna da saukar Alƙur'ani da wayar hannu, ya hau babur ya kai Ringim a wanke masa. Aiki yana shigowa, amma iyakarsa ƙananan sha'ani. Duk bikin da ke da maiƙo sai a ɗauko mai hoto daga birni, da babbar kyamara rataye a wuya, shi kuma a bar masa hoton yara a ƙofar gida. Mutanenmu girman abin da ke hannunka suke fara kallo kafin su kalli hoton da ka fitar. Shi ya sa da kakar bara ta yi, ya sayar da riɗinsa, ya haɗa da ragon da ya yi wata bakwai yana kiwo, ya ce kyamara zai saya.

Sabuwa ta fi ƙarfinsa, sai dai ta hannu. Akwai wani dillali daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, mai zirga-zirga tsakanin Kano da Legas yana kawo wayoyi da kayan lantarki na hannu, wanda kan kasa kayansa ranar Lahadi a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Gujungu. Shi ya yi wa magana. Bayan mako biyu dillali ya zo da Nikon D7000 da gilashin gabanta (lens) mai lamba 18-105, cikin jaka, tana sheƙi. Suka yi ciniki, yaro ya ba da kafin alƙalami, kusan rabin kuɗin, aka tsayar zai ciko ranar Lahadi mai zuwa.

Da dare ya same ni a gida. Ni malamin makaranta ne, kwamfuta nake koyarwa, kuma na taɓa riƙe kyamarar makarantarmu na wasu shekaru.

"Kawu, na samu kyamara," in ji shi. "Wallahi kamar yau aka fiddo ta daga kwali."

Na ce, "Madalla. Sau nawa ta ƙifta?"

Ya yi shiru, don bai taɓa jin tambayar ba. Da na yi masa bayani, sai ya ce ai dillali ya riga ya nuna masa, kyamarar ba ta yi wani aiki ba.

Hujjojin da aka nuna masa

Hujja uku ce, kuma duk wanda bai san kan abin ba zai gamsu da su. Ta farko jikin kyamarar, babu ƙwarzane ko ɗaya. Ta biyu sunan hoton ƙarshe da ke cikin memori, DSC_1533, wanda dillali ya fassara masa da cewa hoto dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai aka taɓa ɗauka da ita. Ta uku, ya shiga wajen bayanin batir ya nuna masa wata lamba, 86. A kan wannan ya ɗora labarin da shi ma aka ba shi a Legas, wai ta wani bature ce da ba ya ɗaukarta sai zai tafi hutu.

Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke faɗin shekarun aikin kyamara. Lambar sunan hoto gurbi huɗu gare ta, in ta kai 9999 sai ta koma 0001, kuma kowa zai iya mayar da ita farko daga cikin saiti cikin daƙiƙa kaɗan. Lambar wajen batir kuwa hotunan da aka ɗauka ne tun daga cajin ƙarshe, ana sake caji ta goge. Shi kuma jiki, robar mariƙi da murfaye duk ana sayar da sababbinsu, a ɓare tsohuwa a manna sabuwa.

Abin da ake ƙirgawa

A cikin irin wannan kyamara, gaban farantin da ke karɓar haske, akwai labule biyu da aka yi da siraran ɓawo masu kama da reza. Masu sana'ar suna ce masa shota. Duk sanda ka danna, madubin da ke gaba zai ɗaga, labule na farko ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe, madubi ya dawo. Ƙarar nan da ake ji, wadda yara ke kwaikwayo da baki, ita ce wannan. A D7000 abin yana iya faruwa sau shida cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a mafi saurinta hasken da ke shiga bai wuce kashi ɗaya cikin 8,000 na daƙiƙa ba. Abu ne mai motsi, da sifirin da ƙaramin inji da haƙora, kuma duk abin da ke motsi yana cinyewa.

Kamfanoni suna gwada labulen, su faɗi adadin ƙiftawar da suka gwada shi a kai. Na D7000 sau 150,000 ne. Ƙananan Nikon irin su D3200 da D5100 sau 100,000, Canon 6D ma haka, Canon 5D Mark III 150,000, manya na 'yan jarida irin Nikon D4 kuma 400,000. Ita kyamarar tana riƙe da lissafin a cikinta, tana ƙara ɗaya duk ƙiftawa, kuma goge memori ko mayar da saiti farko ba ya taɓa shi.

Na ce da yaron, kai da ka yi kiwo, in ka je Maigatari ranar Alhamis za ka sayi sa, sheƙin fata kake dubawa? Ya ce a'a, baki ake buɗewa a ga haƙora. Na ce to ita ma tana da baki, kuma ba a buɗe mana ba tukuna. Ga shi D7000 a 2010 ta fito, wadda ta gaje ta, D7100, ta fito a 2013. Duk wadda ka gani a kasuwa yau ta haura shekara goma a duniya. Abin tambaya shi ne a cikin jaka ta yi shekarun ko a hannun mai bin bukukuwa.

Sa'ar da muka yi ita ce Nikon ce. Nikon tana rubuta wannan lissafi a cikin kowane hoto da ta ɗauka, cikin ɓoyayyen bayanin da ake kira EXIF, tare da rana da lokaci da lambar jikin kyamara. Akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoto su karanto maka, akwai kuma manhajar ExifTool ta kyauta, wadda wani ɗan Kanada, Phil Harvey, ya fitar a 2003. Ita nake amfani da ita saboda ba ta buƙatar sabis, kuma duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san darajar wannan.

Hotuna biyu da suka ɓatar da mu

Washegari yaro ya kira dillali ya roƙe shi ya turo hoto ɗaya daga kyamarar. Ya turo ta WhatsApp. Na buɗe, babu komai a ciki. WhatsApp yana matse hoto ya zubar da wancan bayanin in an tura shi a matsayin hoto, Facebook ma yana cirewa. Haka in an gyara hoton a wata manhaja aka sake ajiyewa, sau da yawa lissafin yakan salwanta. Muka ce ya sake turowa a matsayin fayil, yadda ya fito daga memori.

Ya turo hoton wani lambu mai furanni. Na karanta, 9,340. Yaro ya yi tsalle ya ce, "Kawu ka gani ko? Sabuwa ce."

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, don ko ni da farko na saki jiki. Lambar gaskiya ce, ba ƙirƙira ba, lambar jikin kyamarar ma ta yi daidai da wadda yaro ya rubuto. Amma da na duba layin kwanan wata, sai na ga 2012. Hoto yana ɗauke da lissafin ranar da aka ɗauke shi ne, ba na yau ba. Tsohon hoto ne da ya kwanta a cikin memorin da ya zo da kyamarar, dillali ya duba ya ga ya fi sauran kyau ya turo. Abin da ya tabbatar mana kawai shi ne a 2012 kyamarar yarinya ce. Abin da ya same ta bayan nan, hoton bai sani ba.

Daga nan na yanke cewa babu sauran aike. Hoton da za mu yarda da shi sai wanda muka ɗauka da hannunmu, a memorinmu, muna tsaye a gaban mai kaya.

Lahadi ta biyu

Muka isa Gujungu da hantsi, ni da laftof ɗina a jaka da memori sabo. Bayan gaisuwa na ce wa dillali, "Alhaji, ba zarginka muke ba. Kuɗin noman shekara ne, a bar mu mu duba." Ya ce, "Bismillah Malam, ai kaya na mai saye ne." Bai nuna wata fargaba ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai daga baya.

Na cire memorinsa duka, na sa nawa. Yaro ya ɗauki hoton wani mai rake da ke tsallaken rumfa. Na zare memorin, na sa a kwamfuta, na nemi layin da aka rubuta Shutter Count. Na juya allon ya fuskanci kowa: 171,602.

Wato ta wuce adadin da kamfani ya gwada da fiye da dubu ashirin da ɗaya. Lambar sunan hoton nan da aka kafa hujja da ita tana iya zama ta zagayo sau goma sha bakwai. Da ido ya buɗe kuma sai sauran alamu suka fara fitowa, waɗanda dama suna nan ba a kula ba. Wajen ɗora filasha a sama fentinsa ya goge har ƙarfe ya fito. Ramin ƙasa da ake ɗaura ta a kan ƙafa uku ya sha juyi. Rubutun wasu maɓallai ya dusashe, ƙofar memori tana ɗan lilo. Robar mariƙi ce kawai sabuwa fil, kuma in ka kai hanci za ka ji warin gam.

Dillali ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ce, "Wallahi Malam, yadda aka faɗa mini haka na faɗa." Na yarda da shi. Mutumin da ya san abin da ke ciki ba zai miƙo kyamara da sauri haka ba. Amma yardar da na yi da shi ba ta wanke shi duka ba, don ya sayar da kaya a kan siffar da bai tabbatar ba, ya kuma faɗe ta da bakin wanda ya sani.

Aibi ne ko ba aibi ba?

Da aka zo maganar mayar da kafin alƙalami sai murya ta fara tashi. Dillali ya ce an yi ciniki an gama, kuma ga kyamara tana aiki. Ya ɗaga ta ya danna sau biyar a jere, ta amsa tsaf. Ya ce, "Ina lalacewar take? A nuna mini."

Maganarsa tana da ƙafa, kuma bai kamata a raina ta ba. Adadin 150,000 ba ranar ajali ba ce. Akwai labulen da ke mutuwa tun bai kai rabin haka ba, akwai wanda ke ninka shi yana aiki. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa wannan kyamarar ba za ta ƙara shekara uku ba. Yawan ƙiftawa shi kaɗai ba karaya ba ne.

Abin da na tsaya a kai shi ne, ba a kan tana aiki aka yi farashi ba, a kan ba ta yi aiki ba aka yi. Kuɗin budurwar kyamara aka yanka wa tsohuwa. Dattijon mai gyaran rediyo, wanda tun ɗazu yake sauraro yana riƙe da ƙarfen narka dalma, shi ya raba gardamar. Ya ce a abin da ya koya wajen malamai, in an sayar da kaya a kan wata siffa aka tarar babu ita, mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Ya tuna mana hadisin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Sannan ya juya ga dillali ya ce, "Kai ba ka yi algus ba, amma yanzu ka sani. Daga yau in ka sake faɗin labarin baturen nan, ka yi."

Dillali ya kawo tayin rage kuɗi mai yawa. Yaro ya kalle ni, na ga ransa yana kan kyamarar. Sai na ja shi gefe muka yi lissafi a bayan takardar rasit.

Na tambaye shi hoto nawa yake ɗauka a biki ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure, wuni, kai amarya. Ya ce in da kyamara ce zai kai 400. Biki nawa a shekara? Ya ce in Allah ya kawo kasuwa, talatin, yawancinsu bayan kaka da gabanin azumi. Dubu 12 ke nan. Muka ƙara fasfo na 'yan makaranta, sauka, suna, hotunan sallah, muka sa dubu 6. Kusan 18,000 a shekara, a kan labulen da ya riga ya wuce gwajinsa.

Sannan na ce ya tuna inda yake. Mai hoto a birni in kyamara ta tsaya masa, zai aro ta abokinsa cikin rabin awa. Shi fa? Labule in zai mutu ba ya sallama. Wani lokaci baƙin layi ne zai fara ratsa hoto, wani lokaci sai dai ka ga Err, alamar matsala, a ƙaramin allon sama, ka danna ka danna shiru. In hakan ta faru ana tsakar ɗaurin aure, ba za a sake ɗaura shi don mai hoto ba, kuma kafin magariba duk ƙauyukan kewaye sun ji. Bayan haka ga kuɗin mota zuwa Kano, ga neman mai gyaran da ya iya, ga jiran a samo labulen kyamarar 2010, ga bukukuwan da za su wuce tana can. Ragin da aka yi masa ba zai biya wannan ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, a bar ta."

Aka tsaya a kan dillali zai riƙe kafin alƙalamin ya kawo wata cikin mako biyu, in ba ta yi ba ya mayar da kuɗi cif. Dattijo ya zama shaida. Kafin mu tashi ya fito da wata Canon 60D ya ce ko za mu duba. Ba mu iya ba. Yawancin Canon irin wannan ba sa rubuta lissafin a cikin hoto yadda za a karanta, sai an haɗa kyamarar da kwamfuta da wayar USB, da manhaja ta musamman, mu kuma ba mu zo da ko ɗaya ba. Na ƙi cinikin biri a sama karo na biyu.

Kyamara ta biyu

Wadda ya kawo bayan mako biyu D7000 ce ita ma, amma ba ta da kyan gani. Gefenta ɗaya ya goge, robar gilashin ta saki, babu jaka. Yaro ya ɓata fuska. Muka yi yadda muka yi a baya, memorinmu, hotonmu: 38,914.

Ban tsaya a nan ba, don ƙaramar lamba ma tana iya rufe ido. Kyamarar da aka yi ta ɗaukar bidiyo da ita, awa guda tana aiki amma labule bai motsa ba sai a farko da ƙarshe, lissafinta zai zauna ƙasa alhali farantin haske ya sha zafi. Haka in an taɓa canza labule, wani mai gyara yana mayar da lissafin sifili, wani yana barinsa. Sababbin kyamarori marasa madubi kuma suna iya ɗaukar hoto ba tare da labule ya motsa ba, Nikon Z9 ta 2021 ma ba ta da shi gaba ɗaya. Lambar tana faɗin abu ɗaya ne tak, sauran sai an gwada.

Muka rufe bakin gilashi muka ɗauki hoton duhu na daƙiƙa goma, na faɗaɗa shi a kwamfuta ina neman ɗige-ɗigen ja da shuɗi na lalatattun ƙwayoyin farantin haske. Biyu na gani, ƙanana, a gefe. Muka ɗauki sararin sama a mafi saurinta don mu ga ko wani ɓangare zai fi wani duhu, ya fito daidai. Muka ƙanƙance ƙofar haske ta cikin gilashi zuwa f/22, wato ƙarama sosai, muka sake ɗaukar sama, ƙura ta bayyana wuri huɗu, abin da gogewa ke magani, kuma wanda zai yi aiki cikin hunturun Jigawa dole ya saba da shi. Muka gwada ramukan memori biyu, muka haska fitilar waya cikin gilashi ko akwai fumfuna irin ta kayan da suka kwana a ƙasa mai laima. Babu. Batir ya tsufa, aka rage kuɗinsa.

Daga 38,914 zuwa 150,000 saura sama da dubu 111. A lissafinmu na bayan rasit, shekara shida ke nan. Yaro ya cika kuɗi, na sa dillali ya rubuta lambar jikin kyamara da adadin ƙiftawar da kwanan wata a rasit, dattijo ya sa hannu.

Ita mai sheƙin, na ji an sayar wa wani mai shagon hoton fasfo a wani gari kusa, a kan farashi mai sauƙi, kuma an faɗa masa lambar. A ganina ta dace da shi, don hoto ashirin zuwa talatin yake ɗauka a rana, a zaune wuri ɗaya, in ta tsaya kuma abokin ciniki zai iya dawowa gobe. Dillalin yanzu yana yawo da abin karanta memori da ake maƙalawa a waya, har ya taɓa kirana daga Legas yana tambayar adadin gwajin wata D5100.

Lissafinmu na shekara shida kuwa bai tsaya yadda muka zata ba. Yaro ya gano daɗin danne maɓalli kyamara ta yi ta harbawa a jere, musamman wajen kilisar dawaki da rawar 'yan mata. Na ba shi ƙaramin littafi, duk farkon wata yana kawo memori mu karanta ya rubuta, kuma daga kowane biki yana ware wani abu a asusu da sunan labule. Wata takwas bayan sayen, lambar ta kai 57,260, wato ya ci sama da dubu 18 na shekara guda tun da sauran wata huɗu. Ranar ya karɓi kyamarar ya juya maɓallin gefe daga harbi a jere zuwa ɗaya-ɗaya, ya ce sai ranar hawan sallah zai mayar.